Taga ta ƙi zama daidai a sikirin biyu: tambayoyin da kuke yawan yi mani

Assalamu alaikum jama'a. Tunda monita na hannu ya yi yawa a garin nan na Katsina kusan kowa ya koma aiki da sikirin biyu, masu shagon buga takardu, masu kemis, akantocin makarantu, har ɗalibai masu furojet, laftop a gefe monita a gefe. To matsala guda ce ake ta kawo mani ita ta fuska daban-daban, wani daga Ƙofar Ƙaura, wani daga Ƙofar Marusa, wani ma kira zai yi daga Daura, kuma kusan kullum akan tsohuwar manhaja ce irin wadda tagarta, wato akwatin da take buɗewa a cikinshi a sikirin, bata ja bata tsukewa, yadda mai ita ya yanka ta haka nan take. Shi yasa na tara tambayoyin wuri guda. Bayanin na Windows 10 da 11 ne don su ke hannun mutane, sunayen wuraren da za'a danna kuma na barsu yadda suke a rubuce cikin kwamfuta don kar mutum ya ɓata wajen nema.

Ina jan tagar daga laftop zuwa monita sai ta kumbura, ko ta koma ƴar mitsitsiya. Monitan ne ya lalace?

Lafiyar monitanka lau. Kowane sikirin ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kuma ba girman sikirin ke nuna yawan ɗigon ba. Laftop mai inci 14 da rezolushan 1920 da 1080 tana da ɗigo wajen 157 a kowane inci, monita mai inci 24 da wannan rezolushan ɗin dai shi kuma wajen 92 gare shi. Yawansu ɗaya, amma a laftop an matse su a ƙaramin wuri. In aka bar rubutu yadda yake a laftop ɗin sai ka kai hanci jikin gilashi kafin ka karanta, shi yasa Windows ke ƙara ma komai girma da kanta, yawanci ta sa irin wannan laftop a 150%, monitan kuma ta barshi a 100%.

Wannan 100% ɗin yana nufin ɗigo 96 a inci, shi ne awon da Windows ta taso dashi tun da daɗewa. 125% shi ne 120, 150% shi ne 144, 200% kuma 192. To kaga tagar da ka jawo daga wuri mai 144 zuwa wuri mai 96 dole a sake mata awo a hanya. Manhajar da ta iya wannan zata gyara kanta kafin ka ƙifta ido. Wadda bata iya ba ita ce ke baka ciwon kai. In kana so ka ga awon kowane sikirin, danna maus na dama a fili a fuskar kwamfuta, shiga Display settings, taɓa sikirin 1 ka duba Scale, sannan ka taɓa 2 ka duba nashi.

To me yasa Chrome bata yi mani haka, sai manhajar lissafin shagona kawai?

Saboda ba zamaninsu ɗaya ba. Akwai manhajar da bata ma san da zancen awo ba, ita a wurinta duk duniya 96 ce. Irin wannan Windows ke barinta ta zana kanta a ƙarama sannan ta ja hoton ta faɗaɗa, kamar dai ka ɗauki ɗan fasfo ka buɗa shi a injin fotokofi, girma ya samu amma fuska ta dushe. Yawancin waɗanda aka rubuta da Visual Basic 6, wanda ya fito tun 1998, nan suke, kuma wallahi har gobe suna nan suna aiki a kemis-kemis da ofisoshin makarantu.

Akwai masu ɗan dama-dama, tun zamanin Windows Vista a 2007, su suna tambayar awo amma sau ɗaya tak, na babban sikirin, wato wanda aka sa ma Windows a matsayin main display ba wanda ya fi girma ba, daga nan sun riƙe kenan. A babban sikirin zaka gansu tas, kana kaisu ɗayan su dushe. Sai a Windows 8.1 a 2013 aka ba manhaja damar bin awon kowane sikirin daban, aka ƙara gyara tsarin a Windows 10 ta 2017. Chrome da irinta sun bi wannan, shi yasa baka ganin laifinsu.

Akwai kuma mafi ban haushi, wadda ta ce ma Windows ta iya alhali bata iya ba. Windows sai ta cire hannunta, ita kuma ta tsaya ƙiƙam da awonta na farko, ƙatuwa a nan, mitsitsiya a can.

Zaka iya gane ajin taka. Danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, je Details, danna maus na dama a kan layin sunayen da ke sama, zaɓi Select columns, sa alama a DPI Awareness. Zaka ga gaban kowace manhaja an rubuta Unaware (wadda bata san awo ba) ko System (mai tambaya sau ɗaya) ko Per-Monitor (mai bin awon kowane sikirin). An ƙara wannan a Windows 10 ta 2019, in taka ta girmi haka ba zaka ganshi ba.

Maɓallin Save ya shige ƙasan sikirin, tagar kuma bata tsukewa. Ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ita ke tsaida aiki don ga kwastoma tsaye yana jiran rasit kai kuma ka rasa inda zaka danna. Lissafi ne kawai. A ce mai manhajar ya yanka tagar a 1024 da 768. A 150% zata koma 1536 da 1152, shi kuma sikirin ɗinka tsawonshi 1080 ne gaba ɗaya, kaga ɗigo 72 sun riga sun faɗa ƙasa tun ba'a cire wurin da layin ƙasa na Windows ke ci ba, kuma a daidai nan ake jera Save da Cancel da Print. In ka sauko 125% tagar ta zama 1280 da 960, ta shiga da ƙyar. A 100% kuwa har da sauran fili.

Don haka maganin farko ka rage Scale na wannan sikirin, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. In rubutu ya yi maka ƙanana a laftop to ka kai manhajar monita ta zauna can, dama shi a 100% yake.

Masu laftop mai 1366 da 768, waɗanda su suka fi yawa a na hannu da ake kawowa, ku taku daban ce. Taga mai tsawon 768 ba zata taɓa shiga ba ko a 100%, don layin ƙasa ya riga ya ci nashi kason. In kuma wani ya sa maku 125% to filin da ya rage ma manhaja 614 ne kacal. Ku ɓoye layin ƙasan ta Taskbar settings, akwai wurin da zai riƙa ɓoye kanshi sai an kai maus. In duk da haka bai isa ba a yi amfani da Tab a kibod, yana tsallake daga maɓalli zuwa maɓalli ko da baka ganinsu, sai dai a yi hattara kar a danna Enter a kan Cancel ko Delete a makance.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai. A Display settings inda ake nuna sikirin biyu kamar akwatuna, ja akwatin monita ka ajiye shi a ƙasan na laftop maimakon gefe, ka danna Apply. Yanzu duk abin da ya zarce ƙasan laftop zai leƙo a saman monita, ga Save ɗinka nan. Ba kyau gare ta ba amma tana fidda mutum kunya.

Girman ya yi daidai amma rubutun dishi-dishi yake, har idona ke ruwa.

Rufe manhajar tukun. Danna maus na dama a kan alamarta, Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings. A ƙasa zaka ga Override high DPI scaling behavior, sa mashi alama, akwai zaɓi uku.

Application yana nufin Windows ta cire hannu, manhaja ta ji da kanta. Rubutu zai fito tas, amma a sikirin mai 150% tagar na iya komawa ƙarama sosai, wata kuma rubutun ya girma akwatunan su ƙi girma sai kaga rabin kalma ya yanke, Total ya koma Tot. System shi ne jan hoton nan, girma daidai, dishi-dishi na nan. System Enhanced shi na fi fara gwadawa a tsofaffin manhajoji, yana sake zana rubutun da kyau a sabon awo, sai dai hotuna da ƴan alamomi suna nan a dushe, kuma ba kowace manhaja yake kamawa ba, wata ma sai kaga layukanta sun ɗan goce.

Babu wanda ya fi wani a ko'ina, gwadawa ake ɗaya bayan ɗaya, kowane gwaji a rufe a sake buɗewa. Kuma a gwada a sikirin ɗin da za'a riƙa aikin, ba a ɗayan ba. Masu Windows 10 su leƙa Advanced scaling settings su tabbatar Let Windows try to fix apps so they're not blurry a kunne yake.

Jiya lafiya lau, yau na jona monita komai ya birkice, na kashe na kunna ya dawo daidai. Aljanu ne?

Haba Alhaji. Ka tuna masu tambayar awo sau ɗaya? Jiya ka jona monita kafin ka kunna kwamfuta, yau kuma sai da ka shiga ka buɗe manhaja sannan ka jona, ita kuma ta riga ta ɗauki awon laftop ta riƙe. Ka saba da jona kebul da kunna monita kafin ka shiga Windows. In ka manta, rufe manhajar ka buɗe, in ta ƙi kayi Sign out ka dawo, ba sai ka kashe gaba ɗaya ba.

Abu mafi muhimmanci a nan, sikirin da tsohuwar manhajarka zata zauna shi zaka maida babba. Taɓa shi a Display settings ka sa alama a Make this my main display. Mutane da yawa wannan kaɗai ke raba su da matsalar, don manhajar dama awon babban sikirin take bi, in a can take zaune babu abin da za'a ja ko a matse.

Da an ɗauke wuta sai tagogina su tattaru a laftop, in an kawo kuma wata ta ɓace gaba ɗaya.

Wannan tamu ce ta nan gida. Laftop na da batir, monita bashi da shi, wuta na tafiya Windows ke ɗauka an cire shi, musamman in da kebul ɗin DisplayPort aka jona, sai ta kwaso komai ta zuba a laftop mai 150%. Kafin a tada janareto tagar ta riga ta canza awo, in monita ya dawo ta sake canzawa, mai tsayayyen girma kuma bata jure wannan kai-komon, wani lokaci ta maƙale a girman da ba nata ba sai an rufe ta.

Wadda ta ɓace kuma tana nan, ta tuna wurin zamanta ne a sikirin da babu shi yanzu. Taɓa alamarta a layin ƙasa, riƙe maɓallin Windows da Shift ka danna kibiyar hagu ko dama, zata tsallako. In ta ƙi, danna Alt da Space, sai M, sai kowace kibiya sau ɗaya, sannan ka motsa maus, zaka ga ta biyo shi. Ko ka danna Windows da P ka zaɓi PC screen only.

A Windows 11 an sa wasu zaɓi biyu a ƙarƙashin Multiple displays, Remember window locations based on monitor connection da Minimize windows when a monitor is disconnected, ku kunna su. Wanda kuma ke da inbata ko sola a shago don Allah ya ɗora monitan a kai, bai kai firij ko injin fotokofi cin wuta ba ko kusa.

In na rage rezolushan komai na girma. Ba shi kenan ba?

Na san da yawa haka suke yi, kuma ni bana so. Sikirin na zamani yawan ɗigonshi ƙayyadadde ne, in ka bashi 1280 da 720 alhali shi 1920 da 1080 ne dole ya shafa hoton ya cike gurbi, sai ka dusar da komai, har Chrome da bata yi maka laifi ba, saboda manhaja guda. Bar rezolushan a wanda aka rubuta ma Recommended, ka yi wasa da Scale. Inda nake ɗaga ƙafa shi ne kwamfutar da aikinta kenan, manhaja ɗaya daga safe har dare, kamar ta kan kanta a kemis. Nan in rage rezolushan ne ya sa ta zauna, a barta.

Na ga wani wuri da ake rubuta awon da ake so da hannu, in sa 110?

Custom scaling kenan, yana karɓar daga 100 zuwa 500. Ka ƙyale shi. Awo guda yake ɗora ma duka sikirin biyun, sai kayi Sign out kafin ya kama, kuma in hannu ya kuskure ka rubuta babban lamba, komawa Settings ɗin ma ka gyara sai ka sha wuya don komai ya fi sikirin girma.

Baba ne ke amfani da ita, idonshi ya yi rauni, in na rage Scale baya gani.

Allah ya ƙara ma Baba lafiya. A bar Scale inda manhajar ke shiga, sai a je Text size a ƙara girman rubutu kaɗai, yana ƙarƙashin Accessibility a Windows 11, a Windows 10 kuma sunanshi Make text bigger a ƙarƙashin Ease of Access. Tsofaffin manhajoji da yawa basa jin wannan, to a koya mashi Windows da alamar tarawa, madubin ƙara girma zai fito, Windows da Esc kuma ya rufe shi. Amma gaskiya in da hali a sai mashi monita mai inci 24 ko 27 mai 1920 da 1080, a 100% ma rubutunshi manya ne.

Na jona talabijin ko majigi, gefe-gefen hoton ya yanke.

Wannan ba daga Windows bane, talabijin ɗin ne ke ɗan zuƙo hoton ya yanke bakin. Ɗauki rimot ka shiga wurin girman hoto, a LG ana kiranshi Just Scan, a Samsung Screen Fit, sauran ma suna da nasu sunan.

Masu gabatar da furojet ko lacca da majigi kuma ku lura da Windows da P. In kun zaɓi Duplicate dole sikirin biyun su koma rezolushan ɗaya, in majigin tsoho ne mai 1024 da 768 zai jawo laftop ɗin ƙasa, taga mai tsayayyen girma ta cika ta batse a gaban malamai. Extend ya fi, kowa da awonshi. Ku je ɗakin da wuri ku gwada tun ba'a taru ba.

In ta VGA ne, kebul mai shuɗin kai ɗin nan, nemi maɓallin Auto a jikin monita ka danna, hoton zai daidaita kanshi. Ƴan adaftocin HDMI zuwa VGA masu arha kuma wasu basa gaya ma kwamfuta ainihin rezolushan ɗin monita, sai kaga wanda kake nema babu shi a jerin. Kafin ka zargi kwamfuta ari wata adafta ka gwada.

Wani ya ce bairos ne, sai an yi mata fomat.

A'a. Za'a goge maka komai, ka biya kuɗi, a sake sa manhajar nan ta dawo da halinta. Iyaka in monita na fitowa da rezolushan da ba nashi ba a sabunta direban hoto, Intel ko AMD ko Nvidia, wannan kam yana taimakawa.

Zan sayi monita, wane iri zan nema don kar in shiga wannan?

Nemi wanda zai zauna a awo ɗaya da laftop ɗinka, in sikirin biyu suka yi Scale ɗaya yawancin abin da na lissafa a sama baya tasowa sam. Mai laftop 1366 da 768 yana 100%, to monita inci 22 ko 24 mai 1920 da 1080 shi ne abokin tafiyarshi. Mai inci 14 da ke 150% kuma monita inci 27 mai 4K, wato 3840 da 2160, ɗigonshi wajen 163 a inci, kusan ɗaya da na laftop ɗin, sai ka sa duka a 150%. Amma ka bincika ramin HDMI na laftop ɗinka tukun, in 1.4 ne 4K zai baka a 30Hz kawai, maus na tafiya kamar yana jan ƙafa, sai 2.0 ke kai 60Hz. Ni dai mai tsohuwar manhajar shago bana bashi shawarar 4K, ya kashe kuɗi da yawa ya sayo ma kanshi dishi-dishi.

Kuma ka tafi da laftop ɗin wurin mai kaya, a jona a gabanka, ka buɗe ita wannan manhajar mai rigima ka ja ta daga nan zuwa can. Kar ka yarda da bidiyon da zai kunna maka, bidiyo a kowane monita kyau yake.

Mac da Linux fa?

Mac da sauƙi, tun da Apple ta kawo Retina a MacBook Pro a 2012 tsarinta ninki biyu ne, ba kasafai taga ke birkicewa ba, sai dai rubutu kan yi ɗan kaushi a monita mai 1080. A Linux tsohon tsarin X11 asali awo ɗaya yake ba duka sikirin, Wayland ne ke raba ma kowa nashi, tsofaffin manhajoji kuma nan ma sukan dushe in awon ba ninki cikakke bane.

Ni ɗalibi ne, ni na rubuta manhajar, a kwamfutata lafiya lau amma a ta malamina ta watse.

Yauwa, ku nake nema, ƴan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua da Al-Qalam da ta Dutsin-Ma da kwalejin fasaha ta Hassan Usman, don manhajojin da zaku rubuta su za'a riƙa kawo mana gobe. Ta watse ne don ka jera komai da lambar ɗigo a sikirin ɗinka mai 100%, ka kulle tagar, malam kuma tashi na 150%.

Ka daina kulle taga in ba dole ba, in kuma dole ne to kar tsawonta ya wuce wajen 600, ka sa mata abin gungurawa don ko ta zarce a iya kaiwa ƙasa. A WinForms ka sa AutoScaleMode a Dpi, ka yi amfani da Anchor da Dock da TableLayoutPanel maimakon ajiye maɓalli da hannu, kuma daga .NET Framework 4.7 zuwa sama ne aka inganta bin awon kowane sikirin. In zaka rubuta PerMonitorV2 a manifest to ka tabbata da gaske manhajar na sake awo idan Windows ta aiko mata da saƙon WM_DPICHANGED, in ba haka ba ka zama mai cewa ya iya alhali bai iya ba, gara ka barta Windows ta ja hoton. Masu Java ku bar 8 ku hau 9 ko sama, daga nan ne Swing ta fara bin awon Windows da kanta. A Qt 6 kuma bin awon a kunne yake zuwa.

Kafin ka kai ma malam, sa kwamfutarka a 100 ka buɗe, sa 125, sa 150, sannan ka ari monita a wurin abokinka ka ja tagar tsakaninsu kana kallon maɓallan ƙasa.